Turmin Ortensia

Ran Alhamis nakan gangara lungunan Janowa,
inda rana ba ta taka ƙasa sai ta take tsaka,
benaye sun haɗa kai a sama kamar masu gulma,
shanya na ɗiga a ƙeyar mai wucewa.
Can ƙarshe akwai gidan abincin Fiorenzo,
tebur bakwai, ɗaya gurgu.
Gurgun ne nawa.

Ba ya tambayata abin da zan ci,
shekara uku rabon da ya tambaya.
Ya ajiye burodi mai ramuka, man zaitun kwance a kowane rami,
sai taliya siririya sanye da kore,
dankali da ɗanyen wake sun ɓuya a tsakani.
Na ci, na suɗe faranti da ɓawon burodi,
na ce da daɗi, kuma ban yi ƙarya ba.

Sai dai kunnena tsohon kunnen tashar jiragen ruwa ne,
shekara talatin da huɗu ina ɗaga kaya da ƙugiya,
babu injin da ban san kukansa ba.
Daga bayan labulen kicin na jiyo shi,
ƙara ɗaya, numfashi biyu, an gama.
Injin markaɗe.
Ganyen da aka yi wa gaggawa
yakan bar ɗaci can bayan harshe,
kamar gaisuwar mai kallon agogo.

Matakala sittin da biyu zuwa ƙofata.
A saman kabad, ƙarƙashin tsumma,
turmin marmara na Ortensia,
mai kunne huɗu, ɗaya ya ɓalle ranar da muka tare.
Tun da aka fita da ita ban sauke shi ba.
Ya ƙara nauyi.

Ɗoɗɗoyar bakin taga ta ƙi mutuwa,
ruwa kawai nake ba ta, ba na yi mata hira.
Na tsinki ƙananan ganye, ta ce manyan sun cika surutu.
Tafarnuwa ɗaya, a zare mata zuciya.
Gishiri mai tsakuwa,
da fararen ƙwayoyin nan masu kama da haƙoran jariri.
"Ba daka ake ba, Tullio," takan ce, "murzawa ake,
juya taɓarya kamar mai lallashin yaro."
Ni kuwa hannuna a jikin ƙarfe ya girma.
Na daka.
Tebur na rawa, cokula na amsawa.

Sai ƙasa ta rama:
sandar tsintsiyar Clelia, sau uku, daidai tafin ƙafata.
Ban daina ba.
Ta hawo da silifa, tana haki, faɗa cike da bakinta,
ƙamshi ya tare ta a bakin ƙofa ya ƙwace rabi.
Ta leƙa turmin, ta dube ni.
"Kashe shi kake yi," ta ce. "Matsa."

Na tsaya riƙe da kwalbar mai kamar ɗan aike.
Wuyan hannunta na zagaye, shiru, shiru,
ganye na narkewa ba tare da ya yi kuka ba.
"Zuba. Kaɗan. Na ce kaɗan!"
Cuku ya shiga, tukunya ta tafasa,
tururi ya rufe gilashin taga har teku ta ɓace.

Na ɗauko faranti biyu.
Na biyun sai da na wanke masa ƙura.

Ta ce gishiri ya yi yawa, ta ƙara cokali.
Ta ce taliyar ta wuce da minti ɗaya, ta ƙara wani.
Da za ta sauka ta ce kada in sa wa turmin sabulu,
dutse ma yana da abin da yake so ya tuna.

Alhamis mai zuwa zan koma wurin Fiorenzo,
mutum ba ya yar da tsohon tebur don ya sami sabon hannu.
Zan dai ce ya sa takarda a ƙarƙashin ƙafar gurgun,
ya kuma jawo kujera ɗaya.